Farisancin da Na Ɗauko a Gidan Takaba

Cikin duk shekarun da na yi a Sashen Harsuna na kwalejinmu, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda Malam Sirajo ya tare ni a baranda ina riƙe da tsintsiya, ya ce, "Inna Hajara, jingine wannan. Daga yau kin zama mataimakiyar mai bincike." Na jingine. Na ɗauka ƙarin girma aka yi mani, ashe ƙarin tafiya ce.

Tun da ku sababbin ma'aikata kun matsa in rubuta maku wani abu kafin in ajiye aiki, to ga shi. Ku yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, sai da na yaye ɗana na huɗu sannan na fara riƙe fensir. A mai shara aka ɗauke ni, matakin da babu wani a ƙarƙashinsa, daga baya aka haɗa mani da aikin masinja. Ga wanda bai san ofis ba, masinja ita ce mai ɗaukar fayil daga wannan tebur ta kai wancan, ta dafa shayi, ta kuma riƙe a kanta wane malami ne yana ciki amma ya ce a ce ba ya nan.

Malam Sirajo lakcara ne, mutumin Kafur, mai sanyin hali, ba ya raina gaisuwar kowa. Larabci ya fara karantawa, daga baya ya samu tafiya Iran ya koyo yarensu, Farisanci. Ɗalibai kan ce mashi Malam Farisa, amma sai ya ba da baya. A lokacin yana neman digiri na uku, wanda in mutum ya samu ake ce mashi Dakta. Yadda abin yake, kwaleji za ta sake ka ka tafi jami'a, jami'a ta haɗa ka da Farfesan da zai duba aikinka, a yanka maka wa'adi. Wa'adi ya cika ba ka kawo littafi ba, a soke sunanka. Malam ya cinye wa'adinsa, ya cinye ƙarin da aka yi mashi, har Farfesa ya aiko cewa daga kakar bana babu sauran roƙo. In aka soke shi, shekarun da ya zuba sun tafi ke nan, zai zauna a matakinsa har tsufa, yaran da ya koyar su dawo suna sa mashi hannu a takardar hutu.

Abin da yake bincike a kai ya taɓa yi mani bayaninsa ina goge mashi tebur. Ya ce mu Hausawa muryarmu hawa take yi da sauka a kan kowace gaɓa, kamar mai waƙa. Su mutanen Farisa kuwa gaɓa ɗaya suke dannawa a cikin kalma, sauran su biyo ta. Kuma sai sun gama faɗin wane ne, da wa, a ina, sannan can a ƙarshe su faɗi abin da aka yi. Na ce to Allah Ya ba masu sauraronsu haƙuri. Shi aikinsa ya gano inda dannawar nan take komawa idan aka juya magana, ko aka yi tambaya, ko aka yi musu. Wannan kuwa ba a gane shi a takarda, sai an ɗauki muryar wanda ya sha yaren a nono, a sa a kwamfuta a auna.

Daga Funtua har Matazu mutum ɗaya ce tak ta sha Farisanci a nono, Hajiya Nasirin ta Malumfashi. Mijinta Alhaji Garba malamin gona ne, tun yana saurayi aka tura shi kwas can ƙasarsu, ya dawo da takardar shaida da kuma mata. Ta haura shekara talatin a garin, ta haifi ɗiyanta ta aurar. Balarabiya ake ce mata. Da farko takan tsaya ta yi bayanin cewa ita ba Balarabiya ba ce, da ta gaji sai ta fara amsawa. Hausa a bakinta kamar tawa, murya kuwa Allah Ya ba ta. In tana cinikin kayan miya a zaure, matan bayan layi sun san farashin ranar.

Malam ya gama magana da Alhaji, an amince, ya sayo rikoda sabuwa, ya rubuta jimlolin da Hajiya za ta karanta. Farkon damina sai Allah Ya yi wa Alhaji rasuwa.

Malam ya je gaisuwa kamar kowa. Da ya dawo ofis na same shi yana ƙirga da yatsu. Wata huɗu da kwana goma Hajiya za ta yi cikin takaba, namijin da ba muharraminta ba ba ya zama da ita. Ta duk inda ya ƙirga, abin da zai rage mashi bayan ta fita bai isa ya saurari muryar ba, balle ya rubuta littafi. A nan ya tuna da ni. Ni mace ce, haihuwar Malumfashi, unguwarmu ɗaya da gidan Alhaji, kuma ina iya karanta lamba. Shugaban Sashe ya sa hannu aka rubuta mani aikin waje, sau biyu a mako. In gama shara da safe, in hau bas a tasha, in dawo kafin magariba.

Ga yadda aikin yake. Za a ajiye rikoda a kan matashi, tazarar taƙi ɗaya daga bakin mai magana. Ni in faɗi lambar jimla, ita ta karanta sau uku, a huta, a wuce ta gaba. Malam ya maimaita mani har na haddace: "Shiru nake so, Inna Hajara. Ko kaza kada ta yi kuka." Na ce to. Ban ce mashi gidan rasuwa zan je ba, ai ya sani.

Wadda na tarar a ƙofar ɗaki ita ce Gwaggo Asabe, yayar marigayi, wadda ta taso daga ƙauye ta zo zaman takaba. Tsohuwa ce 'yar firit, amma ko kwano ba ya motsi a gidan sai da saninta. Na durƙusa na yi gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce in ba ta takardar. Da ta ga rubutun irin na Larabci ne, sai ta goge hannu a zane, ta karɓa da hannu biyu.

"Ke Hajara, da alwala kika ɗauko wannan?"

Na ce, "Gwaggo, ai karatun makaranta ne."

"Na gani ai. Shiga."

Ɗakin cike da mata 'yan gaisuwa. Hajiya na zaune a tabarma, ta rame, ta lulluɓa. Ta ce marigayi ya riga ya yi wa Malam alkawari, ita ba za ta tashe shi ba. Na ajiye rikoda, na ce lamba ɗaya. Ta karanta a hankali, murya can ƙasa. Tana rufe baki mata suka ɗaga hannu gaba ɗaya.

"Amin."

Ta sake karantawa. "Amin, ya Allah." Na ce lamba biyu. Wata tsohuwa a lungu ta ce, "Allah Ya kai haske kabarinsa." Haka muka yi shafi guda. Can na ga Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Mata suka ce wayyo, ta tuna, suka fashe da kuka. Sai da ɗaki ya ragu ta jawo ni ta raɗa mani, "Hajara, kin san abin da suke cewa amin a kai? Ali ya sayi littafi jiya. Littafi ne Ali ya saya, ba alƙalami ba." Ta ce tun da aka fita da Alhaji ba ta yi dariya ba sai ranar.

Malam bai yi dariya ba. Ya cire abin sauraro daga kunne ya ce, "Wa ya ce su ce amin?"

Na ce, "Malam, ai ba a hana Musulmi cewa amin."

Zuwa na biyu na yi wa Gwaggo bayani sosai, cewa ba addu'a ba ce, maganar duniya ce. Ranta bai so ba. Daga ranar ta daina karɓar takardar da hannu biyu, ta koma kiran rikodar rediyon Hajara. Amin ta tsaya, sai sauran suka fito fili: ruwan sama a kan rufin kwano, daka a maƙwabta, injin niƙa na bakin layi, da mai sallama duk bayan jimla biyu. Waɗannan duk na iya lallaɓa su. Abin da ya gagara shi ne muryar Hajiya kanta.

A wajenmu mai takaba ba ta ado, ba ta fita, ba ta sauri a tafiya, kuma ba ta ɗaga murya. Matar da ake ji daga bayan layi ta koma sai ka kai kunne. Malam ya juyo mani kwamfuta ya nuna mani wasu zane-zane. Ya ce, "Kin ga wannan? Kamata ya yi ya zama tudu da kwari, kamar kunyoyin gona. Wannan kuwa fili ne da aka yi wa haro. Ina musu a nan? Ina tambaya? In ta ce littafi ne ba alƙalami ba, so nake in ji kamar tana faɗa da mai kanti."

"Malam, takaba take yi."

"Babu littafin da ya ce mai takaba ta yi raɗa. Ni na karanta."

Bai tsaya nan ba, ya je wajen limamin unguwar ya yi tambaya, Liman ya tabbatar mashi al'ada ce, ba dole ba ce. Aka aiko ni da wannan albishir. Gwaggo ta saurara har na kai aya, tana jan carbi.

"Liman ne ya faɗa?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Shi Liman ya taɓa yin takaba?"

Na dawo wa Malam da tambayar kamar yadda aka ba ni. 

Ita Hajiya ta faɗa mani nata dalilin wata rana muna mu biyu. Ta ce, "Hajara, na san abin da Liman ya faɗa gaskiya ne. Amma shekara talatin ana kallona a gidan nan, a ga ko zan iya tuwo, ko zan iya goyo, ko zan iya kunyar suruka. Wanda yake tare mani ya tafi. Yanzu jira ake a ga ko Balarabiya za ta iya takaba. In na ɗaga murya ba za a ce Malam ne ya sa ni ba, cewa za a yi dama can ba tamu ba ce." Wannan ban kai wa Malam ba. Ba shi da lamba, ban ga shafin da zai sa shi ba.

Akwai kuma ranar da na faɗi wata lamba, ta tsura wa takarda ido, har na ɗauka ba ta ji ba. Sannan ta karanta, sau uku, kamar yadda doka ta ce. Da muka tashi na tambaye ta ko kuskure ne a rubutun. Ta ce a'a, daidai yake. Ma'anarta, gobe zai dawo gida. Tun Alhaji na da rai Malam ya rubuta jimlolin, bai sake dubawa ba. Da na gaya mashi ya yi salati, ya ce wallahi bai lura ba, na kuma yarda. Sai ya ƙara da cewa amma jimlar tana da muhimmanci, saboda inda aikatau, wato kalmar aikin, ya faɗo.

Damina ta yi nisa, masara ta fara bushewa, fili dai na nan da haronsa. Malam ya rame ya fi mai takabar. Sai ga ranar akuya.

A tsakar gidan akwai wani ɗan iccen rumman da marigayi ya dasa mata da hannunsa, an kewaye shi da kara. Muna bakin ƙofar ɗaki da la'asar tana karatu, wasu dangi na zaune gefe, sai akuyar maƙwabta ta tura karan ta shiga, ta miƙe a kan ƙafa biyu ta kama toho. Ban san lokacin da Hajiya ta tashi ba. Takarda ta yi nan, mayafi ya yi can, takalmi ya bi akuya, ta buɗe murya da Farisanci tun daga ƙofar ɗaki har zaure. Ban san abin da ta ce ba, amma akuyar ta gane.

Ta juyo. Kowa na kallonta. Ta ɗauki mayafi ta koma tabarma. Gwaggo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "To. Mun ji." Sannan ta dube ni. "Ɗauki rediyonki. Shi ya saba mata da surutu. Kada in sake ganin shi a gidan ƙanena."

Na kai wa Malam rikoda da wannan saƙo. Ya sa a kunne. Na ga ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. Zanen kwamfuta ya tashi kamar duwatsu.

"Allahu Akbar! Wannan shi ne Farisanci! Inna Hajara, akuyar ta waye?"

"Ta maƙwabta ce."

"Ba za su ba da aronta ba?"

Na dube shi in ga ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Na ce, "Malam, ko sun bayar, ni dai ba ni kai ta. Kuma an kore ni, ko ba ka ji wannan wurin ba?"

Sai a lokacin ya ji. Ya koma kujera ya dafe kai. Zagin akuya, duk daɗinsa, ba ya cika littafi. Bayan 'yan kwanaki ya tattara duk abin da na ɗauko mashi ya tafi jami'a, ya ce gara ya je da ƙafarsa ya gaya wa Farfesa ya kasa, da a aiko mashi a rubuce. Ya yi mani godiya kamar mai barin gari.

Ina goge tagogi na ga ya dawo, daga bakin ƙofar kwaleji yake sauri, hula a hannu. Bai ko zauna ba ya fara ba ni labari. Wai Farfesa ya saurari na akuya ya ture shi gefe, ya ce irin wannan akwai shi buhu-buhu, duk wanda ya je kasuwa a ƙasarsu zai ɗauko. Da ya sa na ƙasa-ƙasan sai ya kulle ƙofa ya hana kowa shiga. Ya auna ya ga ko da muryar ba ta tashi ba, Hajiya na ɗan jan gaɓar da ake dannawa, ja kaɗan wanda kunne ba ya kamawa. Malam tashin murya yake ta nema, bai taɓa auna ja ba. Farfesa ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya samu mai Farisanci ta riƙe murya ƙasa wata da watanni ba. A sauya kan binciken, a koma kan wannan. In Malam ya kawo sauran jimlolin da irin wannan murya, shi da kansa zai tsaya mashi a gaban hukuma.

"Yaushe za ta fita takaba?"

"Juma'ar sama, Malam."

"Juma'ar sama! Ba yadda za a ɗan ƙara?"

"A ƙara me?"

Ya buɗe baki, ya ji abin da zai fito, ya rufe. Ya ce astagfirullah. Mutumin da tun farkon damina yake roƙon Allah takabar nan ta ƙare, ga shi yana ganin ta yi sauri.

Na sayi goro na hau bas. Ban ƙara komai a kan maganar ba, ban rage ba. Na ce, "Gwaggo, babban malaminsu na jami'a ya saurara, ya ce na ranar akuya ba ya so. Muryar takaba ita ce daidai, ita yake so a ƙaro."

Ta ɓare goro ta daɗe tana tauna.

"Shi babban malamin ɗan wane gari ne?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ko ɗan ina ne, ya samu tarbiyya. Shigo da rediyon."

Abin da na gani a makon nan ban taɓa ganin irinsa ba ko a ɗakin jarrabawa. Gwaggo ta karɓe aikin. Ta aika maƙwabta babu daka sai mun tashi. Ta taka da kanta har wajen mai injin niƙa, ban san me ta gaya mashi ba, ya dai riƙa jiran la'asar. Akuya ta sha ɗauri. Masu gaisuwa suna zuwa ta ɗaga masu hannu daga nesa, su zauna a zaure su jira. Ita kuma ta kafa kujera a ƙofar ɗaki, in muryar Hajiya ta ɗan motsa sama ta ce, "Ƙasa-ƙasa, Balarabiya, jami'a na jin ki." Duk matar da ta zo sai ta ji daga bakin Gwaggo cewa takabar matar ƙanenta har manyan malamai sun aiko a ɗaukar masu. Ba a sake tada maganar akuya ba.

Hajiya ta yi ta karatu ba gardama. Sau ɗaya kawai ta ce mani, "Da can muryata yake so, na hana shi. Yanzu baƙin cikina yake so. To ki ce mashi ya yi sauri, ranar Juma'a zan yi wanka."

Ranar Alhamis muka kai jimlar ƙarshe. Ta ajiye takarda ta ce, "Hajara, kashe." Na kashe. Ta leƙa ta ga 'yar jar wutar ta mutu. Sai ta gyara zama, ta fuskanci wata babbar rigar marigayi da ke rataye a bayan ƙofa, ta fara magana da yarensu. Ba karatu ba, magana. Ta daɗe tana yi. Na ji Garba a ciki, na ji Malumfashi, wani wuri kamar tana yi mashi faɗa, wani wuri ta yi 'yar dariya. Muryar ta hau ta sauka yadda ta ga dama. Na saci kallon Gwaggo ina jiran ta ce ƙasa-ƙasa. Tana zaune ta juya fuska wajen tsakar gida, carbi a cinya ba ta ja.

Washegari aka yi fitar takaba. Hajiya ta yi wanka ta sa sabon zane, aka soya waina aka yi sadaka. Malam ya zo ya zauna cikin maza a zaure. Ana cikin addu'a aka ji daga cikin gida, "Wa ya ajiye mani kwano a kan hanya? Ku yara ba ku da idanu ne?" Maza suka yi murmushi, wani dattijo ya ce alhamdu lillahi, Balarabiya ta dawo. Da na fito kai masu ruwa Malam ya ce mani a hankali, "Shi ke nan, Inna Hajara. Abin da muka samu mun samu."

A motarsa muka koma Funtua. Mun kusa Bakori na gaya mashi abin da ya faru ranar Alhamis, don ban saba ɓoye wa wanda ya aike ni komai ba. Ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Magana ta yi? Ba karatu ba? Ta daɗe?"

"Ta daɗe."

"Kuma kin kashe?"

"Ita ta ce in kashe."

"Ai da kin yi kamar kin kashe! Kin san abin da kika bari ya wuce?"

Na ce, "Na sani, Malam. Ina wurin."

Ya daɗe riƙe da sitiyari yana kallon gonar wani. Sannan ya ce, "Me ta ce?" Na ce ni ban jin Farisanci, shi ne mai ji, shi kuma ba da shi take ba. Ya tada mota muka kama hanya. Ranar Litinin da na kai mashi shayi ya miƙe ya karɓa da hannunsa, abin da bai saba ba.

Littafi ya kammalu, Farfesa ya cika alkawari, Malam Sirajo ya zama Dakta. Yau shi ne Shugaban Sashenku, kun san shi, har ƙasashen waje ake gayyatarsa ya yi bayani a kan Farisancin ƙasa-ƙasa. Akwai littafin a ofis, da Turanci yake, na sa wata ɗaliba ta fassara mani farkonsa. Sunana na cikin godiya, bai manta ni ba. A wani shafi kuma an rubuta cewa an ɗauki muryar ne cikin yanayi na natsuwa wanda mai bincike ya tsara da kansa. Na sa ta duba ko akwai Asabe a wani wuri. Babu. Gwaggo ba ta damu ba, har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane ita ta ba yaron nan na Kafur dakta.

Abin da na koya, 'ya'yana, malaman nan namu ba mugaye ba ne. Dakta Sirajo ko sauro ba ya son kashewa. Sai dai mai bincike kamar manomi yake da hadari, duk abin da ya taso a sama, ko da rufin maƙwabci zai ɗauke, shi gonarsa yake fara tunawa. Rasuwa ma a wurinsa yanayi ce, ko ta ɓata aiki ko ta gyara. Ba za ku canza su ba, kada ma ku gwada, ku dai kai masu shayinsu da zafi. Amma su a ofis suke zaune, mu ake aikawa cikin gidajen mutane, mu muke cire takalmi a ƙofar ɗaki. Duk ranar da aka ba ɗayanku na'ura aka ce ya je ya ɗauko, ya koyi wurin kunnawa saboda wanda ya aike shi. Wurin kashewa kuwa ya koye shi da kyau, wannan na masu gida ne.